A Fitar Mana Da Hanyar Ƙafa Daga Dala Zuwa Riruwai

Kwanan baya aiki ya kai mu wata makaranta a Rijiyar Lemo, muka tarar malami yana koya wa 'yan aji shida labarin ƙasa. Yaran nan sun kawo sunayen manyan kogunan duniya ba tuntuɓe, har wani ya gaya mana tekun da Kogin Nilu ya faɗa. Da malam ya miƙo mana alli, sai muka ce, to, wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala ya ɗaga hannu. Hannuwan da suka tashi ba su kai yatsun hannu guda ba. Muka sāke tambaya, Kogin Kano fa, daga ina ya taso, ina kuma ya nufa? Aji ya yi tsit. Alhali kuwa wanda ya bar Rijiyar Lemo da ƙafa bayan sallar asuba, kafin hantsi ya ɗaga yana bisa Dala, birni duka yana ƙarƙashinsa.

Ba mu ga laifin yaran ba, ba mu kuma ga na malaminsu ba, don da muka koma ofis muka yi wa abokan aikinmu irin wannan tambaya, sai muka iske da mu da su duk kanwar ja ce. Akwai wanda ya yi shekara ashirin yana rubuta sunan Riruwai a takardun aiki, bai taɓa sa ƙafa can ba. Wannan shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo shawara a wannan fili, ga malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi musamman. Shawarar ita ce a fitar da hanyar ƙafa guda ɗaya doguwa, mai alama, mai zango-zango, wadda za ta tashi daga Dala ta bi ta bakin tabkunan Bagauda da Tiga, ta ƙare a duwatsun Riruwai, sa'an nan a riƙa kai ɗalibai da ma'aikata su taka ta kowace shekara.

Kakanninmu Matafiya Ne

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce mu ke so mu aro. Duk wanda ya san tarihin unguwannin da mu ke zaune ya san ba haka ba ne. Fagge zango ce tun asali, nan ayarin raƙuma na Azbinawa ke sauka da gishirin Bilma a bayan ganuwa. Hanyar Katsina da ta ratsa Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa kuwa tsohuwar turbar fatake ce. Sunan unguwar ma da rijiya ya fara, kamar Rijiyar Zaki, kuma mutanen da suka raɗa irin waɗannan sunaye sun san darajar ruwa a bakin hanya. Gaba kaɗan ga Mil Tara, wadda sunanta awon tafiya ne kawai.

Daga ƙasar Kano Agalawa da Tokarawa ke tashi zuwa Gwanja sayen goro. Su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su kai Salaga, watanni suna bisa hanya. Ayarin nan kuwa ba tarkace ba ne, tsari gare shi. Akwai madugu mai shugabanci, akwai jagaba mai shige wa gaba ya nemi zango, akwai malamin ayari mai riƙe lissafi da addu'a. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, tun yana saurayi ya bi hanyar nan ta Gwanja har ya kai Ankara ta ƙasar Gana, kuma abin da ya koyo a tafiye-tafiyen nan shi ya zama tushen arzikin da ya bari a 1955. Haka kuma alhazan dā. Su bi ta Barno, su kewaye Tabkin Cadi, su ratsa Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, waɗansu su shekara da shekaru kafin su komo, waɗansu ma zuriyarsu na Sudan har wa yau.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ta kafu a bayansa, mota ta biyo, jirgin sama ya ɗauke alhazai. Duk wannan alheri ne, ba wanda ke roƙon a koma ɗaukar goro a ka. Amma fa akwai abin da ya salwanta a tsakani. Bafataken dā ya san kowace rijiya da kowace kuka tsakanin Kano da Zariya, ya san ranar cin kowace kasuwa, ya san yadda a ke gaisuwa a kowane gari. Jikansa kuwa, in zai je sayen burodi daga Rijiyar Lemo zuwa Kurna, sai ya tsaya jiran A Daidaita Sahu. Abin kunya ma, Bajamushen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, da ya shigo Kano daga wajen Katsina a 1851, ya riƙa rubuta garuruwa da itatuwa da sana'o'in da ya gani a hanya, har ya zamana masu bincike na yau littafinsa su ke buɗawa in suna son su san yadda ƙasarmu ta ke a lokacin. Baƙo ya kula ya rubuta, 'yan gida ba mu kula ba.

Yadda Waɗansu Ƙasashe Suka Yi

Mutanen Turai sun riga mu samun mota, saboda haka sun riga mu ganin ɓarnar zama wuri ɗaya, suka kuwa nemi magani. A Ingila wani ɗan jarida mai suna Tom Stephenson ya rubuta shawara a jarida a 1935, cewa a fitar da doguwar hanyar ƙafa bisa duwatsun da suka ratsa tsakiyar arewacin ƙasar. Masu filaye suka ƙi, aka yi ta ja-in-ja, sai a 1965 aka buɗe hanyar. Sunanta Pennine Way, tsawonta mil 268. Shekara talatin ke nan tsakanin rubutu da aiki, amma mai shawarar ya ga ranar da idonsa. A Amurka akwai wadda ta fi wannan nesa ba kusa ba, ta bi duwatsun Appalachian, an gama ta a 1937, ta haura mil 2,000, ta ratsa jihohi 14.

Wadda ta fi kama da abin da mu ke nufi ita ce ta ƙasar Sikotlan, wadda a ke kira West Highland Way, da aka buɗe a 1980. Tsawonta mil 96. Ta tashi daga gefen birnin Gilasgo, ta bi gaɓar gabas ta Tabkin Lomond, ta shiga kwaruruwa tsakanin duwatsu, ta ƙare a garin Fort William, gindin dutsen da ya fi kowane tsawo a Birtaniya. Mai matsakaicin ƙarfi yakan gama ta cikin mako guda. Dubban mutane ke taka ta kowace shekara, kuma ƙananan garuruwan da ke bakin tabkin da cikin kwarin suna cin abinci daga masu tafiyar nan, wannan ya ba da hayar ɗaki, wancan ya sayar da abinci, wani ya kai kaya zango na gaba.

Mu malamai, labarin da ya fi shafarmu shi ne na wani ɗan'uwanmu malamin makaranta a Jamus, Richard Schirrmann. A 1909 ya fita yawon ƙafa na kwanaki da ɗalibansa, hadari ya rutsa su, suka sami mafaka a wata makarantar ƙauye suka kwana. A daren nan tunani ya zo masa, ashe makarantun da ke zaune a rufe lokacin hutu za su iya zama masaukin yara matafiya. Daga wannan tunani ne gidajen saukar matasa suka samu, suka bazu cikin duniya. Ku duba fa, bai jira an gina masa kome ba, abin da ke akwai ya yi aiki da shi.

Mu ma nan gida an taɓa farawa. A 1951 aka buɗe makarantar horon Man O' War a bakin teku kusa da Biktoriya ta Kamaru, En'e-En'e na Arewa suka riƙa aika malamai da ma'aikatansu, a sa su hawan Dutsen Kamaru, wanda tsawonsa ya haura ƙafa 13,000. Daga baya aikin ya komo duwatsun Shere kusa da Jos. Watau hukumomin wancan zamani sun gane akwai abin da hawan dutse ke koya wa ma'aikaci wanda kujerar ofis ba ta koya masa.

Hanyar Da Mu Ke Nufi

To, bari mu bi hanyar da baki kafin a bi ta da ƙafa. Tsawonta duka ya haura mil 100, watau tafiyar kwana goma ko sha biyu ga wanda ba ya gaggawa. Ba kuwa bakin kwalta za ta bi ba, don titin Zariya ba wurin jera yara ba ne. Turbobin ƙauye za ta bi, da burtali, da gefen hanyoyin ruwan noman rani.

Mafari Dala. Nan Barbushe ya zauna bisa ga abin da Tarihin Kano ya faɗa, nan kuma mutanen farko suka haƙa tama suka narka ƙarfe. Yaro ya tsaya a bisa, malam ya nuna masa Goron Dutse, da masallacin Juma'a, da abin da ya rage na ganuwa, da inda gidaje suka cinye ta. Darasin tarihi na wata guda ya samu cikin sa'a ɗaya. Daga nan a fita kudu a ƙetare ruwa a Tamburawa, a ga inda a ke tace ruwan da ke zuwa famfunan birni, a kwana Kura. Kura garin rini ne da bugu, rawaninta mai walƙiya shi ne ɗan Kura da Azbinawan da ke sauka Fagge ke saye su kai cikin hamada. Yanzu kuma garin shinkafa ne, kuma dalilin haka yana gaba, sai an taka za a gan shi.

Daga Kura a ratsa filayen Kadawa, inda ƙasa ke kore shar cikin tsakiyar rani, da tumatir da alkama da albasa, a isa Bebeji garin fataken goro, sa'an nan Tabkin Bagauda. An sa masa sunan sarkin Kano na farko, wanda a ke lissafin sarautarsa daga shekarar 999, kuma a bakinsa ne makarantar horon lauyoyi ta ke a yau. Gaba kaɗan sai Tiga. Wannan madatsa an gama ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ta tare Kogin Kano, ruwan ya kwanta a fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 178. Yaron da ya kwana biyu yana bin hanyar ruwa da ƙafarsa, in ya tsaya bisa wannan madatsa, ba sai an gaya masa inda shinkafar Kura ta samo ruwa ba, gani ya kori ji.

Amma malamin kirki ba zai tsaya nan ba. Zai gaya musu Kogin Kano yana haɗuwa da Challawa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya shiga Komadugu Yobe, ya nufi Tabkin Cadi. Zai gaya musu tun da aka tare ruwa a Tiga, aka ƙara tarewa a Challawa a 1992, ambaliyar da manoma da masunta da makiyayan can ƙasa suka dogara gare ta kowace shekara ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe musu hanyoyin ruwa da yawa. Watau abin da ya zama arziki ga na sama ya taɓa abincin na ƙasa. Wanda zai zama akawu ko injiniya ko ɗan majalisa gobe, gara ya ji wannan tun yana yaro, yana tsaye a bakin ruwan.

Kashi na biyu ya kewaya tabkin. A ratse gabas zuwa Rurum da Rano, ƙasar duwatsu masu ɗaurin kai. Rano ɗaya ce daga Hausa Bakwai, ita da Kano a ke kira sarakunan baba saboda rini, sarkinta kuma shi a ke yi wa kirari da Autan Bawo. Sa'an nan a gangara kudu zuwa Tudun Wada. A wannan tsakani ne mai lura zai ga ƙasa tana sāke kama. Gawo da kuka da suka cika gonakin kewayen birni suna raguwa, ɗorawa da kaɗanya da maɗaci suna ƙaruwa, ciyawa tana ƙara tsawo, don ruwan sama ya fi yawa can. A cikin mota duk wannan wucewa ya ke kamar walƙiya.

Kashi na uku shi ne dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa da sunan dajin Kogin Kano, da duwatsun Riruwai a bayansa. Nan ne ƙasar Kano ta fi tudu, nan ne kuma mutane ke haƙar kuza suna narka ta tun Turawa ba su zo ba. Wanda ya fara da tamar Dala ya ƙare da kuzar Riruwai, ya kuma bi Kogin Kano daga inda a ke shansa zuwa wajen da ya fito, lalle ya san ƙasarsa.

Amfaninta Ga Malami Da Akawu

Na farko, ilmi. Malamai sun sani Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, Hausawa kuma suka ce tafiya mabuɗin ilmi. Kowane yaro a ba shi ɗan littafi da fensir. Ya rubuta sunan kowane gari da ranar kasuwarsa, da itatuwan da ya gani, da zurfin rijiya gaba nawa, da abin da tsofaffin gari suka faɗa game da kafuwarsa. Ya ƙidaya takunsa cikin mil guda, ya zana taswira. Ga labarin ƙasa, ga tarihi, ga lissafi, ga rubutun Hausa, duk a tafiya ɗaya. In an tara littattafan nan shekara biyar, za a sami abin da babu shi a kowane ofis na jihar nan.

Na biyu, hali. A aji, mai ƙwaƙwalwa shi ne sarki. A hanya kuwa, sai ka ga yaron da kullum ya ke na ƙarshe a jarrabawa shi ne mai karɓar kayan wanda ya gaji, shi ne mai iya hura wuta, shi ne bai yi gunaguni ba. Malami ba zai taɓa sanin wannan yaro ba in bai fita da shi ba. Ɗan birni kuma zai kwana a garin da 'yan mata ke tafiyar mil biyu kafin su sami ruwa, ya komo ya rage raina mutumin ƙauye.

Na uku, ga ma'aikata. A zamanin En'e akwai rangadi. Hakimi da Di'o da malamin gona da mai duba makarantu duk sukan fita kwana da kwanaki, suna sauka bariki-bariki. Ba mu ce rangadin nan ba shi da aibi ba. Talakawa sun sha ɗaukar kaya na tilas, sun sha ciyad da baƙin da ba su gayyata ba, kuma ba mai son wannan ya komo. Amma ma'aikacin lokacin ya san garin da ya ke rubuta sunansa. Yau sai ka ga takarda ta ce ƙauye kaza yana da rijiyar burtsatse biyu da aji shida, wanda ya rubuta bai sani ba rijiyoyin sun ƙafe tun bara waccan, iska kuma ta yaye rufin aji uku. Ba ƙarya ya yi niyya ba, abin da ya tarar a fayil ya kwafe. Da ya taka ya gani, da alƙalaminsa ya ji nauyi. Sharaɗi dai guda, matafiyin wannan hanya shi zai ɗauki kayansa, kuma ko ƙwaryar fura aka ba shi ya biya.

Na huɗu, garuruwan hanya. Mai tuwo da mai ƙosai da mai kifi a Tiga za su sami ciniki, samarin gari su zama jagaba a biya su ladansu. Kuma hanyar da aka rubuta aka sa wa alama tana da wuyar cinyewa. Kowa ya ga yadda burtali ke ƙanƙancewa shekara-shekara, gona ta ci wannan gefe, mai yankan fuloti ya ci wancan, har makiyayi ya rasa inda zai bi, rigima ta tashi. In ba a tsare turbobin nan yanzu ba, 'ya'yanmu za su nema su rasa.

Masu Cewa A'a

Mun san za a ce, wane uba ne zai ba da ɗansa a shiga da shi daji a wannan zamani? Wannan magana ce mai nauyi, ba kuwa za mu yi mata dariya ba. Ba mu manta da Ƙanƙara ba, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Disamba 2020. Ba mu manta ba dajin Falgore kansa ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane wajen 2015 da 2016, har daga baya sojoji suka kafa wurin horo a cikinsa. Saboda haka ne muka kasa hanyar uku. Kashi na farko, daga Dala zuwa Tiga, ƙasa ce mai cike da mutane, gari na kallon gari, da shi za a fara. Ko shi ma ba a fita sai hakimai da dagatai da jami'an tsaro sun sani sun yarda, kuma ba a kwana sai cikin gari. Kashi na uku kuwa ba na yara ba ne. Manya kaɗai, tare da ma'aikatan gandun daji, ran da masu tsaro suka ce a shiga. In sun ce a dakata, a dakata, dutse ba ya gudu. Amma mu lura da abu guda, hanyar da mutanen kirki suka daina bi, ita mugu ke gadewa.

Haɗari na biyu ruwa ne. A ƙarshen Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, mutane da yawa suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya, Allah ya jiƙansu. Don haka doka ce, ba shiga kwalekwale, ba wanka a tabki ko a hanyar ruwan noma, balle ma ruwan kwance irin wannan shi ke kawo tsargiya. Tabki na kallo ne, ruwan sha kuwa na rijiya, a tafasa.

Waɗansu za su ce wahala ce ba dalili, mutum da kuɗin mota ya kama tafiyar ƙasa sai ka ce mahaukaci. To, a 2015 wani saurayi ya tako daga Ikko har Abuja don murnar zaɓe, samari da yawa suka kwaikwaye shi, jama'a na tarbarsu gari-gari, ba wanda ya kira su mahaukata. Ashe ƙafafun suna nan, ƙarfin yana nan. Abin da ya rage shi ne a juya shi daga neman tukwicin manya zuwa neman sani. Likitoci kuma kullum faɗa su ke yi, hawan jini da ciwon sukari sun yi yawa cikin masu aikin zama, kuma tafiya da ƙafa tana cikin maganin da ba a saye.

Waɗansu kuma za su ce ina kuɗi? Ba mu roƙi a gina otal ba, ba mu roƙi a ba da kwangila ba. Hasali ma ran da aka mai da wannan abu kwangila, ran nan ya mutu. Abin da a ke bukata fenti ne na sa alama a duwatsu da itatuwa, da ɗan littafi mai nuna zango da rijiya da asibiti mafi kusa, da izni daga hukumar ilmi cewa a buɗe aji ɗaya a makarantar kowane zango lokacin hutu. Guzuri kuwa wanda muka gada ne, garin kwaki da ƙuliƙuli da dabino, da buta da tabarma da bargo, da takalmin da ƙafa ta saba da shi.

'Yan mata fa? Ba mu ce a bar su a baya ba. Malamansu mata su kai su tafiyar yini, a hau Dala ko a kewaya bakin Bagauda a komo kafin magariba, da yardar iyayensu. Ƙasar tasu ce kamar yadda ta ke ta 'yan'uwansu maza.

Abin Da Za A Fara

Lokacin da ya dace shi ne hutun sanyi, an gama kaka, gonaki sun buɗe, rafuka sun janye, rana ba ta da zafi. A tashi da an idar da asuba, a yada zango kafin azahar, kada a wuce mil goma ko sha biyu a yini. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga roƙonmu. Kada mu jira gwamnati ta kafa kwamiti. Malamai biyar ko shida daga makarantun Fagge da Rijiyar Lemo da Sabon Gari, da akawu ɗaya ko biyu, su haɗa kai a hutun sanyi mai zuwa su taka kashi na farko su kaɗai, ba yara. Su gai da dagacin kowane gari, su nemi shawararsa a kan turbar da ta fi, su rubuta abin da suka gani, su aiko wa jaridar nan a buga. Akawunan ƙananan hukumomin Kura da Garun Malam da Bebeji da Rano kuma, kowa ya binciko tsofaffin turbobi da burtalin ƙasarsa, ya sa su a takarda tun tsofaffin da suka san iyakarsu suna da rai. Kwalejojin horon malamai su sa wannan tafiya cikin abin da ɗalibi zai yi kafin a ba shi takardar shaida, don wanda bai taka ba ba zai kai wani ba. In shekara ta kewayo, sai a fita da yara.

Kafin wannan kuwa akwai abin da kowane hedimasta zai iya yi ba da iznin kowa ba sai na iyaye. Ran Asabar mai zuwa ya tara 'yan aji shida, ya sa su gaba, su hau Dala. Mu dai mun yi wa yaran Rijiyar Lemo alkawari za mu komo mu sāke tambayarsu, muna kuwa fatan ran nan ba hannun da zai rage a ƙasa. Allah ya ba mu ikon cikawa, ya tsare matafiya duk inda su ke, amin.